Fulawar Hadijatu da Sandar Tsamiya

Magaribar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran magaribu ba. An ɗauke wuta tun la'asar, janaretocin maƙwabta sun fara gurnani ɗaya bayan ɗaya, hadarin da ya haɗo ta wajen Apo ya tsaya cak, bai zubar ba, bai watse ba. Hajiya Hadijatu tana durƙushe a kusurwar falonta da ɗan tsumma mai laima, tana goge ganyen fulawarta ɗaya-ɗaya kamar mai wanke fuskar jinjiri.

Shekarun nan ne da gidaje ke tsiro a Abuja kamar ciyawar damina. Hadijatu tana aiki a wata ma'aikatar tarayya, mijinta Muktar yana duba aikin titi a Abaji, sai ƙarshen mako yake zuwa. Sun sami gida a wani sabon rukuni bayan Gudu, su da 'yarsu Amatullahi mai shekara goma sha huɗu, da Iya, mahaifiyar Muktar, wadda ta zo daga Zariya ganin likita ta zarce da zama.

A bakin titi Hadijatu ta sayi fulawar, wajen Bernard mai sayar da shuke-shuke a gefen rafi. Irin mai yaɗo ce, ganyenta kore da zanen ruwan ɗorawa, kowace gaɓa da 'yan saiwoyinta masu neman abin kamawa.

"Hajiya, wannan kamar oga ne, sai lallashi," in ji Bernard da Hausarsa ta Abuja. "Ba ya son rana, ba ya son duhu. Ka sa yatsa cikin ƙasa, in ya bushe ka ba shi ruwa, in bai bushe ba ka bar shi. Amma ka samo masa sanda ya hau, za ka ga ganye kamar faranti."

Sandar ba ta yi wuyar samu ba. A bayan rukunin gidajensu katafila ta kayar da wata tsohuwar tsamiya don a ja sabon layi. Hadijatu ta tsaya da mota a hanyarta ta dawowa daga ofis, ta zaɓi reshe miƙaƙƙe, ta jefa a but. Da ta shigo da shi, Iya ta daɗe tana kallonsa daga kan dardumarta.

"Icen mene ne wannan?"

"Tsamiya ce, Iya."

"Kin yi sallama kafin ki ɗauka?"

Hadijatu ta sunkuyar da kai don kada surukarta ta ga murmushinta. Ta naɗe sandar da tsohon buhu, ta kafa ta a tsakiyar tukunya.

Fulawa ta kama sanda kamar da ma ita take jira. Cikin damina guda ta kai silin, ganyenta ya yi faɗin faifai, jijiyoyinsa suka yi wani ja-ja da Bernard ya rantse bai taɓa gani ba. Duk wanda ya shigo falon sai ya tsaya, duk wanda ya tsaya sai ya roƙi iri. Wata Asabar Hadijatu ta ɗauko almakashi ta yanke rassa uku daga ƙasan gaɓa. Saiwoyinsu sun manne da icen, sai da ta ɓamɓare su da ƙarfi. Ta tsoma kowanne a kwalbar ruwa, ta ba Magdalena maƙwabciyarta ɗaya, ta kai wa Lucy abokiyar aikinta ɗaya, ta aika wa Umma, 'yar ƙanwar babanta mai shagon atamfa a kasuwar Gudu, da ɗaya.

To, a wannan magaribar, tana cikin goge ganye, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangaro a hankali, ƙwaram, ƙwaram, ya faɗi ƙasa. Sai wata murya ta tsohuwa, busasshiya, ta ce daga daf da ƙeyarta:

"Ku shigo gida. Magariba ta yi."

Hadijatu ko waiwaye ba ta yi ba. Wanda ke zaune da Amatullahi ya daina razana da muryoyi. Yarinyar nan tana iya zama kwandasta mai kiran "Area One, Area One, saura mutum ɗaya!", ta juya ta zama babanta a waya yana "Yes sir, ranka ya daɗe, yes sir" har da ɗan rusunawa, ta juya ta yi tarin Iya, har Iya da kanta ta amsa da "sannu" daga ɗaki.

"Amatu, ki kiyaye ni," in ji Hadijatu.

Sai aka turo ƙofar waje. Amatullahi ta shigo da ledar burodi, bakinta cike da gyaɗa.

"Mami, da wa kike magana?"

Hadijatu ta kalle ta, ta kalli kusurwar da babu kowa. Ta ce wa zuciyarta ja'irar ta zagaya ta ƙofar kicin ne. Zuciyar ba ta ce ta yarda ba.

Daga ranar, kowace magariba da dutsenta. Wani lokaci ɗaya, wani lokaci sai su zubo kamar ƙanƙara, a fita a tarar da tsakar gida fes. Aka fara samun baƙar ƙasar tukunya a cikin shinkafar da aka rufe, a cikin takalmin ofis, a ƙarƙashin matashin Hadijatu. Ganyen fulawar da ke kallon taga duk suka juya suna kallon ƙofa. Ta juya tukunyar, kafin gari ya waye sun koma.

Amatullahi kuma ta yi sanyi. Kwandasta ya ɓace daga gidan, "yes sir" ya ɓace. Da rana ta yi ja, sai ta je ta zauna a gindin fulawar ta haɗa kai da gwiwa.

"Yarinyar nan ba lafiya ba," in ji Iya.

"Wani sabon salon ne, Iya. Jira take mu tsorata ta ƙyalƙyale da dariya."

Haka Hadijatu ta yi ta faɗa har ranar da ta dawo daga ofis ana kiran sallah, ta tarar da ƙofar gida a wangale. Amatullahi na tsaye a bakin ƙofar, ba ɗankwali, bayanta a ranƙwafe kamar mai shekara casa'in, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a goshi tana hangen titi. Muryar nan ce ke fita daga bakinta.

"Tsito! Lanti! Ɗan Auta! Ku shigo gida, magariba ta yi!"

Maƙwabta sun fara leƙe. Kunya da gajiya suka haɗu wa Hadijatu, ta ɗaga hannu ta kai mata mari. Hannun bai isa ba. 'Yan yatsun yarinyar suka cafke wuyan hannunta, suka matse har ta ji ƙashi na ƙara. Amatullahi ta juyo a hankali. Idanunta ne, amma wanda ke leƙowa ta cikinsu ba ita ba ce.

"Da wannan hannun kika yanka," in ji muryar.

Iya ce ta fito da carbi tana Ayatul Kursiyyu, har yatsun suka saki, yarinyar ta sulale ƙasa. Tsohuwar ba ta ce "na faɗa miki" ba. Cewa ta yi, "Kira Muktar."

Kashegari Muktar ya iso tare da Malam Badaruddeen, wani malami daga Kuje da aka sani da ruƙiya. Ɗan siriri ne mai furfura a gemu, maganarsa ƙasa-ƙasa. Ya ƙi shayi, ya ƙi kujera. Ya zaga falon da ido, ya tsaya a kan sandar da ke cikin tukunya, ya daɗe a nan. Ya ce a jira magariba.

Da aka idar da sallah ya sa aka zaunar da Amatullahi a kan tabarma, Iya ta lulluɓe ta da mayafi ta riƙe kafaɗunta. Malam ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Duhu ya shigo ta taga ya zauna tare da su. Can sai duwatsu suka ɓarke a kan kwano, ganyen fulawar suka shiga kaɗawa ba tare da iska ba, mayafin ya fara rawa, muryar nan ta fito daga ƙarƙashinsa.

"Ya isa, ɗan malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gida ce, kafin a mai da ni 'yar haya."

"Musulma ce ke?"

Aka yi wata 'yar dariya mai kama da karyewar kara. "Na yi sallah a gindin icen nan tun kakan kakanka bai iya alwala ba."

"To kin san zalunci haramun ne."

"Je ka faɗa wa katafila."

Malam ya bar ta ta yi magana. Muryar ta sauko, ta yi nauyi.

"Sun kayar mana da gida, ban jefi kowa ba. Muka takure a reshe guda, ni da 'ya'yana. Matar nan ta ɗauke mu ba sallama, ban ce komai ba. Ta ba mu inuwa, ta ba mu ruwa, har na fara sa mata albarka. Yarana suka hau yaɗon suna wasa, kowa ya zaɓi reshensa. Sai ta zo da ƙarfe mai baki biyu. Ina ji suna kuka tana ɓamɓare su. Ta zuba su a kwalba, ta rabar da su kamar goron suna."

Hadijatu ta zauna a ƙasa.

"Ta raba ni da uku, na riƙe ɗaya," in ji muryar. "Wa aka cuta?"

"Yarinyar ba ta yanka komai ba," in ji Malam. "Ba a kama wani da laifin wani. Ki fita, ko in ci gaba da karatu."

"Ci gaba. In na ƙone, a cikinta zan ƙone."

Muktar ya yunƙura, Malam ya ɗaga masa hannu.

"In aka dawo miki da su fa?" in ji Malam.

Duwatsun suka tsaya.

"Duka ukun. Kafin magaribar gobe. In na kira ba su amsa ba, wannan ita ma ba za ta ƙara amsa kiran uwarta ba."

Da sassafe Hadijatu ta buga ƙofar Magdalena. Matar ta fito da kayan aikinta na nas, ta ji abin da ake nema, ta dafe ƙirji.

"Ayya, maman Amatu! Na tafi gida biso, an yi mana rasuwa, na bar kwalban a baranda. Rana ta shanye ruwan. Jiya na zubar da reshen."

Su biyu suka tona kwandon shara da hannu. A ƙasa suka sami abin: ɗan kara mai tsawon tafin hannu, ya yamutse, ganyensa sun bushe kamar ganyen taba. Hadijatu ta naɗe shi a gefen mayafinta.

A ofis Lucy ba ta bari ta gama bayani ba. Ta sauko da kwalbar daga taga da hannu biyu, saiwoyi farare sun cika ta.

"Madam, ɗauki abinka, na gode. Kullum in five o'clock ya yi, ruwan yana rawa shi kaɗai. Na ɗauka BP ɗina ne."

Umma kuwa ta riga ta dasa nata a bokitin fenti a ƙofar shago, har ya fara hawa ƙarfen rumfa.

"Ikon Allah! Yau kuma kyauta ake biyowa a karɓe? Hajiyar ofis, ba kya tsoron ƙurji ya fito miki a goshi?" Sai ta dubi fuskar 'yar uwarta, ta bar dariyar. Da kanta ta warware yaɗon daga ƙarfen, ta kai bokitin har mota.

A hanyar komawa Hadijatu ta bi ta gefen rafi. Ga su nan a jere a wajen Bernard, irin fulawarta sak, kore shar, kowace da rassanta. Ƙafarta ta taka birki ba da shawararta ba. Bernard ya taho yana goge hannu a wando.

"Hajiya! Na yanka maka wani?"

Ta dubi busasshen karan da ke kan cinyarta, ta dubi ɗanyun. Reshe ɗaya, kwalba ɗaya, wa zai gane? Sai ta ga kanta a ƙofar makaranta, an miƙo mata wata yarinya cikin yunifom ɗin Amatullahi, tsawo ɗaya, kitso ɗaya, ana cewa ga 'yarki. Ta girgiza wa Bernard kai, ta ja mota.

Magariba ta same su a inda ta bar su jiya. An jera kwalba da bokiti a gaban tabarma, Hadijatu ta ajiye busasshen karan a gefensu da hannunta. Malam bai yi dogon karatu ba muryar ta zo.

"Tsito."

Ruwan kwalbar ya motsa, ya yi 'yan da'ira.

"Lanti."

Ganye ɗaya a bokitin ya rusuna, ya ɗago.

"Ɗan Auta."

Babu abin da ya motsa.

"Ɗan Auta."

Janareton maƙwabta ya mutu a daidai lokacin. Jikin Amatullahi ya sanƙare a hannun Iya, kanta ya tafi baya, numfashinta ya fara fita guntu-guntu kamar ana jan zare daga ƙirjinta. Malam ya ɗaga murya da karatu, karon farko tun zuwansa. Muktar yana kiran sunan 'yarsa, ba ta amsa ba.

Hadijatu ta rarrafa ta ɗauki karan. Ta laluba gaɓarsa, ta sa farce ta kankare ɓawon kaɗan. A ƙarƙashin busasshiyar fatar akwai ɗan kore, bai fi ƙwayar gero ba.

"Baiwar Allah," ta ce, ba ta nemi izinin Malam ba. "Dubi nan. Bai mutu ba, suma ya yi. Ni na yanka, ban sani ba, amma ni na yanka. Na wuce inda zan sayo miki wani in yi miki ƙarya, ban saya ba. Ba ni shi in yi jinyarsa. Na san abin da yake so."

Numfashin yarinyar ya tsaya. Falon duka ya tsaya tare da shi. Sannan kan ya dawo a hankali, idanun suka sauka a kan ɗan koren, suka daɗe.

"In ya mutu a hannunki fa?"

"Rai na Allah ne," in ji Malam. "Ba ki da iko da ran kowa, ita ma ba ta da shi."

"Ban ce ina da shi ba, ɗan malam. Na dai san hanyar gidan."

Malam ya sa mai muryar ta yi rantsuwa da wanda ya halicci mutum da aljan cewa za ta fita, ba za ta dawo jikin yarinyar ba muddin ana kan alkawari. Ita kuma ta nemi a kai su inda tsamiya ke tsaye da ranta, inda ba a kafa dutsen awon fili ba. Ya ce ya san wurin. Amatullahi ta yi atishawa mai ƙarfi, ta yi wata, ta faɗa jikin kakarta. Can ta buɗe ido.

"Mami," ta ce da muryarta ta kanta, "yunwa nake ji."

Kashegari Muktar da Malam suka ɗora tukunya da sanda da kwalba da bokiti a bayan a-kori-kura, suka kai su gindin wata tsamiya a bayan wani dutse, gaba da Kuje. Kusurwar falon ta zama fili, sai zagayen da gindin tukunya ya bari a kan tayil.

Ɗan karan ya zauna a wata kwalba a tagar kicin, inda haske ke shiga rana ba ta shiga. Hadijatu ta daina ba shi ruwan famfo, sai na sama da ta tara a roba. Tana canja ruwan kafin ya yi yauƙi. Da ƙasansa ya fara baƙi, ta yi bisimilla, ta nemi afuwa a bayyane, ta datse ruɓaɓɓen da reza. Kowace magariba dutse ɗaya tak yakan faɗo a kan kwano, ya gangaro a hankali. Ba jifa ba ne. Tambaya ce. Hadijatu takan ɗaga kai ta ce, "Da sauƙi," ko da ba ta ga sauƙin ba.

Amatullahi ta koma makaranta, ta koma cin gyaɗa, har kwandasta ya dawo gidan. Muryar tsofaffi ce kawai ba ta ƙara kwaikwaya ba, ko tarin Iya.

Damina na shirin tafiya wata safiya Hadijatu ta ga ɗan farin abu ya huda gaɓar, siriri kamar zaren lilo. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada baki ya kama shi. Sai da saiwar ta yi 'yan'uwa, toho ya fito ya warware ya zama ganye mai faɗin kunnen jariri, da ɗan jan nan a jijiyarsa, sannan ta ce wa Muktar ya tayar da mota.

Sun isa rana na gab da faɗuwa. Fulawar ta riga ta bar sandarta ta kama jikin tsamiyar, ta yi sama. Hadijatu ta tsaya daga nesa ta yi sallama, ta jira kamar yadda ake jira a ƙofar gidan mutane, sannan ta matsa. Ta tona ƙasa da yatsunta, ta dasa shi daf da gindin, ta juye masa sauran ruwan kwalbar. Ta koma mota ta zauna kusa da 'yarta ba ta waiwaya ba.

Muktar na neman mukulli sai iska ta kwanta. Daga cikin duhun rassan muryar nan ta fito, busasshiya, a hankali.

"Ɗan Auta. Shigo gida, magariba ta yi."

Wata 'yar siririyar murya ta ce, "Na'am."

Hadijatu ta juya da sauri ta dubi Amatullahi. Yarinyar ta yi barci a kafaɗarta, bakinta a rufe.